Tambayoyi da Amsoshi Kan Sabis ɗin Motocin Alfarma a Abuja

Waɗannan su ne tambayoyin da masu manyan motoci da direbobinsu suka fi yawan yi a nan Abuja, ko mai Mercedes-Benz ne, ko BMW, ko Lexus, ko Range Rover. Abin da ya sa na tara su wuri guda shi ne, na sha ganin mota mai tsadar gaske, wadda ba ta yi wata tafiyar a zo a gani ba, an jingine ta a garejin Apo ƙura ta rufe ta, kuma idan aka bi diddigi sai a tarar ɗan ƙaramin abu ne aka bari lokacinsa ya wuce. Jadawalin da ke cikin littafin mota an tsara shi ne bisa la'akari da titunan Jamus da Japan da Amurka, mu kuwa muna da hazo da zafi da cunkoso, saboda haka dole mai mota ya san inda zai bi littafin sau da ƙafa da inda zai gajarta wa'adinsa.

Mene ne sabis na ƙa'ida, kuma me ya raba shi da gyara?

Gyara shi ne abin da ake yi bayan wani abu ya lalace. Sabis na ƙa'ida kuwa aiki ne da ake yi wa mota tana lafiya lau, a lokacin da kamfanin da ya ƙera ta ya ƙayyade: juyen baƙin mai, canza filtoci, canza man birki da man giya da ruwan lagireto, da duba birki da taya da ƙafafun mota. Lafiyar da ake gani a motar ba hujja ba ce ta ɗage shi, domin mai da roba suna lalacewa ne a hankali ba tare da wata ƙara ba.

Bayan tafiyar kilomita nawa, ko bayan wata nawa, ya kamata a kai mota sabis?

Kowane kamfani da tsarinsa. Mercedes-Benz ta kasa sabis gida biyu, Service A da Service B, suna zuwa bi da bi. A jadawalin motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, na farko yana zuwa bayan mil 10,000 ko shekara 1, na biyu kuma bayan mil 20,000 ko shekara 2, duk wanda ya riga cika. BMW ba ta tsaya kan lamba guda ba, kwamfutar motar ce take lissafin nisan tafiya da tsawon lokaci da yanayin tuƙi, sannan ta nuna abin da ya rage wa kowane ɓangare. Lexus kuwa tana son a duba motar duk mil 5,000 ko wata 6, a yi juye a mafi yawan sababbin motocinta duk mil 10,000.

Abu na farko da za a lura da shi shi ne, yawancin motocin da ake shigowa da su daga Amurka agogonsu yana ƙirga mil ne, kuma mil 10,000 ya kai kimanin kilomita 16,000. Direbobi da yawa suna haɗa lissafin biyu, sai a wuce lokacin juye da nisa ba a sani ba.

Abu na biyu ya fi muhimmanci. A littattafan Toyota da Lexus akwai sashen da ya yi magana kan tuƙi mai wahalar da inji, inda aka ambaci bin hanya mai ƙura, da barin inji yana aiki mota na tsaye na tsawon lokaci, aka kuma ce mai irin wannan tuƙi ya yi juye duk mil 5,000, wato kusan kilomita 8,000, ko wata 6. Duk wanda ya san Abuja ya san wannan bayani namu ne. Wanda yake fitowa daga Kubwa da safe, ko yake ratsa cunkoson AYA zuwa Nyanya da Mararaba da yamma, injinsa yana aiki awa biyu alhali agogon nisa bai motsa sosai ba. Haka ma direban da yake zaune a harabar Sakatariyar Tarayya da na'urar sanyi a kunne yana jiran maigida ya fito daga taro, inji yana ƙona mai, baƙin mai yana dahuwa, amma agogo bai ƙara ko kilomita ɗaya ba. Shawarata ga mai babbar mota a wannan gari ita ce ya yi juye duk kilomita 7,000 zuwa 8,000 ko duk wata 6, ko da allon motar bai nemi hakan ba tukuna.

Motar maigida ba ta fita sai ranar Juma'a ko idan akwai ɗaurin aure. Ita ma sai an yi mata sabis?

Ita ma tana buƙata. A gidaje da yawa na Maitama da Asokoro akwai irin wannan mota, wadda a shekara ba ta cika yin kilomita 3,000 ba, sai a ɗauka mai ɗinta sabo ne. Tafiya daga gida zuwa Masallacin Ƙasa ba ta isa inji ya ɗauki cikakken zafin da zai kori tururin ruwa da ɗigon fetur da suke taruwa a cikin baƙin mai ba, saboda haka man yana lalacewa ko da ba a yi nisa ba. Batir yana zuƙewa, domin kwamfutocin motar ba sa daina jan wuta baki ɗaya. Taya tana shafewa ta gefen da take zaune a kai, robobin da ke tare mai suna bushewa, ɓera kuma yakan samu wurin kwana a cikin inji ya ci waya. Irin wannan mota a yi mata juye aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma duk mako a fitar da ita a yi tafiyar rabin awa a buɗaɗɗen titi, kamar hanyar filin jirgin sama. Tayar da ita a cikin gida na minti biyar ba ya wadatarwa.

Bakanike ya ce man da kamfani ya rubuta ya yi ruwa-ruwa ga zafin ƙasar nan, gara a zuba mai kauri. Gaskiya ne?

Ranka ya daɗe, wannan magana ta samo asali ne daga zamanin Peugeot 504, lokacin da 20W-50 yake dacewa da injinan da ake da su, kuma ta kashe injinan zamani ba adadi. Injin babbar mota ta yanzu yana da ƙananan hanyoyin mai masu matsi ƙwarai, yana kuma amfani da ƙarfin man wajen sarrafa buɗewar bawul da ɗaure sarƙar tayimin, ga turbo da yake juyi da tsananin sauri yana jiran mai ya iso masa nan take. Mai kauri yana jinkirin kaiwa waɗannan wurare idan an tayar da mota, kuma a wannan ɗan lokaci ne ƙarfe yake cin ƙarfe. Zafin cikin inji tamostat da lagireto ne suke daidaita shi, don haka injin da ke Abuja da wanda ke Jamus kusan a zafi ɗaya suke aiki idan komai yana lafiya.

Abin da za a duba a jikin galan ba kaurin man kaɗai ba ne, har da lambar amincewar kamfani. Ga motocin Mercedes-Benz masu shan fetur an fi samun MB 229.5, ga BMW kuma Longlife-01, yawancin sababbin Lexus kuwa 0W-20 suke nema. Littafin motar shi ne zai raba gardama. Babban inji mai silinda 8 yana shan lita 7 zuwa 9, kuma BMW da yawa ba su da sandar auna mai, a allo ake dubawa, saboda haka zuba mai da ka yana iya sa a yi ƙasa ko a wuce ƙima, kuma duka biyun illa ne.

Sai maganar jabu, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali. Ana tara tsofaffin galan na sanannun kamfanoni a cika su da man da ba a san asalinsa ba. A sayi mai a wurin dila da aka sani, a duba hatimin murfi, a buɗe galan a gaban mai mota ko wanda ya wakilta, kuma idan an gama a huda galan ɗin kafin a yar. Filtar mai ma haka take, ta jabu takan rushe a ciki ta toshe hanyar man da aka sa ta tace.

Me hazo yake yi wa mota?

Wanda ya taɓa buɗe akwatin filtar iska a ƙarshen watan Fabrairu ba zai sake yin wannan tambaya ba. Takardar filtar, wadda take fara tas lokacin da aka sa ta, za ka same ta ta koma ja, idan ka ɗan buga ta a ƙasa ƙura mai laushi kamar garin lalle ta tashi, kuma idan ka ɗaga ta ka duba rana ba za ka ga haske ya ratsa ba. Inji yana shaƙar iska ta cikin wannan takarda ne. A duba ta a kowane juye, a canza ta da zarar hazo ya wuce ko da wa'adinta bai cika ba. Busa ta da iskar kwamfuresa, kamar yadda ake yi a gareji da yawa, yana yaga ƙananan ramukanta, daga nan ƙura ta riƙa wucewa kai tsaye zuwa cikin silinda. Akwai kuma filta ta biyu, ta iskar da ke shiga cikin mota, wadda idan ta toshe sanyi yake raguwa, sai a yi ta ƙara gas a banza.

Me ya hana a zuba ruwan famfo a lagireto, kuma me ya sa ake cewa kada a cire tamostat?

Na taɓa tsayawa a kan motar wani dattijo da aka kawo tana tafasa. Wani gareji da ya saba zuwa sun cire masa tamostat, sun haɗa fanka kai tsaye, sun ce motar Turai ce, ba ta san zafin Najeriya ba, kuma shekara biyu direbansa yana cika ta da ruwan rijiyar burtsatse. Da aka kwance babban bututun, ruwan da ya zubo launin ƙasa ne kamar na kududdufi, bakin bututun kuma wani farin abu ya daskare a kansa kamar kanwa. Lagireton ya toshe fiye da rabi, kan injin ya lanƙwashe, kuma kuɗin da aka kashe ya ninka na ruwan lagireto na gaske sau ba adadi. Abin ya ba ni takaici, domin dattijon bai taɓa ƙin biyan abin da aka ce ya biya ba.

Ruwan lagireto na kamfani yana ɗauke da sinadaran da ke hana tsatsa da cin alminiyam, kuma ya fi ruwa zalla jure zafi kafin ya tafasa. Kowane kamfani da irin nasa, ba a gauraya su. Na Toyota da Lexus mai launin hoda an tsara ya yi kilomita 160,000 a karon farko, daga nan kuma duk kilomita 80,000. Tamostat kuwa aikinsa ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 90 ko sama da haka. Idan aka cire shi, kwamfuta takan ɗauka inji bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara fetur, shan mai ya ƙaru, fetur ɗin da bai ƙone ba ya riƙa wanke baƙin mai daga jikin silinda. Motar da ke zafi tana da dalili: lagireto ya toshe, ko fanka ta yi rauni, ko famfon ruwa ya gaji. Wasu injinan BMW famfon ruwansu na lantarki ne, kuma yakan mutu farat ɗaya, don haka idan ya tsufa gara a canza shi kafin ya tsayar da mutum a hanyar Kaduna.

An ce man giyar motata na har abada ne, ba a canza shi.

Babu man da ba ya tsufa. Kamfanin ZF na Jamus, wanda yake ƙera giyabos mai giya 8 da ke cikin BMW da Range Rover da yawa, ya ba da shawarar canza man tsakanin kilomita 80,000 da 120,000, ko bayan shekara 8, ga motar da ke aiki cikin zafi da wahala. Ana canza shi ne tare da filtarsa, wadda a wannan giyabos take haɗe da kaskon ƙasa, kuma ana auna cikarsa a wani ƙayyadadden zafi da na'ura ke nunawa. Kada a yarda a zuba jan man giya na gama-gari, kowane giyabos da nasa.

Man birki fa, tunda bai ragu ba?

Man birki yana tsotsar danshi daga iska, kuma idan ruwa ya yi yawa a cikinsa yakan tafasa lokacin da aka matsa wa birki a gangara, feda ta nutse ba ta kama ba. Mercedes-Benz ta ce a canza shi duk shekara 2, BMW kuma bayan shekara 3 a karon farko, sannan duk shekara 2.

Da safe nakan tarar motar ta kwanta ta gefe ɗaya, amma idan an tayar sai ta miƙe. Akwai damuwa?

Akwai, Hajiya, kuma yanzu ne gyaran yake da sauƙi. Range Rover da manyan Mercedes-Benz da dama a kan balan-balan na iska suke zaune maimakon sifirin na ƙarfe. Robar takan tsattsage da tsufa da zafi, iska ta riƙa zurarewa cikin dare, da safe kwamfuresa ya sake cika ta. Miƙewar da ake gani wahalar kwamfuresan ce, kuma idan aka bar shi yana wannan aiki kullum zai ƙone, gyaran abu ɗaya ya koma na biyu. A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri da dare, a auna tsayin kowace kusurwa daga ƙasa zuwa bakin mudgad, a sake aunawa da safe kafin a buɗe ƙofa. Kusurwar da ta sauka ita ce za a fesa wa ruwan sabulu a ga inda kumfa yake tashi. Lexus LX 570 kuwa da mai take ɗagawa da saukewa, kuma shi ma wannan man yana da wa'adin canji, wanda mutane da yawa ba su ma san da shi ba.

Yaya za a yi da matsalar ingancin fetur?

Manyan motoci da yawa an ƙera su ne don fetur mai daraja ta sama, alhali yawancin gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa. Kwamfutar inji tana iya daidaita kanta ta rage ƙarfi kaɗan, amma ba ta da maganin gurɓataccen mai. Mazauna Abuja ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukuma ta tabbatar an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, aka janye shi daga kasuwa, layuka suka cika gari. A riƙe gidan mai ɗaya ko biyu da ake yawan ciniki a cikinsu, a guji man 'yan bumburutu ko da ana wahalar mai, kuma kada a bar tanki ya riƙa sauka ƙasa da kwata, domin famfon da ke cikinsa da fetur ɗin yake samun sanyi. Mai motar dizal ta zamani kuma ya sani akwai matatar hayaƙi a salansarta, wadda gajerun tafiye-tafiyen cikin gari suke toshewa idan ba a ɗan yi doguwar tafiya lokaci-lokaci.

Ana iya sa kowane batir idan girmansa ya yi daidai?

A'a. Motar da ta zo da batir nau'in AGM, musamman mai kashe kanta idan an tsaya a danja, da irinsa za a mayar mata. A BMW kuma sai an sanar da kwamfuta cewa an sa sabo, in ba haka ba za ta ci gaba da caja shi kamar tsohon, ya mutu da wuri. Sannan kada a bar mai rewaya ya cire kan batir inji yana aiki don ya gwada caji, wannan gwaji yana iya ƙona kwamfutocin motar.

Me za a duba kafin damina?

Magudanan ruwa na rufin gilashi da na gindin gilashin gaba, waɗanda ƙurar rani da ganyaye suke toshewa. Idan suka toshe, ruwa yana sauka ƙarƙashin kafet, inda manyan motoci da yawa suke da kwamfutoci da wayoyi, kuma kafin a ji warin danshi ɓarna ta riga ta faru. Wanda yake bin unguwannin da ruwa yake tarewa, irin su Lokogoma da wasu sassan Lugbe, ya tuna cewa tsayin mota ba ya hana inji shaƙar ruwa. Idan mota ta mutu a cikin ruwa, kada a sake murza makulli, a janyo ta.

Yaushe ake canza taya?

Idan zanenta ya kusa sauka zuwa milimita 1.6, ko idan ta tsufa ko da zanen yana nan. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2322, alal misali, yana nufin mako na 23 na shekarar 2022. A duba wannan kafin a biya kuɗi, domin ana sayar da tsohuwar ajiya da sunan sabuwa. Yawan iskar da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko murfin tanki, shi za a nuna wa mai faci. Tayar BMW da ake iya tafiya da ita bayan ta sace iska, iyakarta kusan kilomita 80 ne, a gudun da bai wuce kilomita 80 a awa ba.

Wurin dila za a kai, ko garejin Apo ya isa?

Motar da take cikin garanti wurin wakilin kamfani za a kai ta, don kada a rasa haƙƙin. Wadda ta fita daga garanti kuwa, a Apo da sauran garejojin gari akwai ƙwararrun da suka san aikinsu ƙwarai, akwai kuma masu koyo a kan motar mutane. Ana gane na farko da abubuwa kaɗan. Ya keɓance kansa ga iri ɗaya ko biyu, yana da na'urar binciken da ta dace da motar, wato Xentry ga Mercedes-Benz, ISTA ga BMW, Techstream ga Lexus, yana nuna abin da na'urar ta gano kafin ya kwance komai, kuma yana mayar wa mai mota tsofaffin kayan da ya cire. Wanda ya goge fitilar gargaɗi ya ce an gama, ba tare da ya faɗi abin da ya kunna ta ba, a canza shi. Kayan Beljiyam suna da amfani ga fitila da ƙofa da madubi, amma filta da takalmin birki da duk abin da yake na roba sabo ake saya.

Kayan gyara sun yi tsada. Me za a iya ɗagawa zuwa gaba?

Gaskiya ne, tun da darajar naira ta faɗi a tsakiyar 2023 kuɗin mai da filta da sauran kaya ya haura, domin kusan dukkansu da dala ake shigo da su. Ana iya jinkirta filtar cikin mota na ɗan lokaci, da gyaran fenti, da ƙananan na'urorin jin daɗi. Baƙin mai da filtarsa, da birki, da duk wani yoyon ruwa ko na mai, ba sa jira. Mafi sauƙi shi ne a ware wani abu duk wata da sunan motar, yadda babban sabis ba zai zo ya tarar da aljihu a bushe ba.

Na sayi tokunbo, ba ni da tarihin sabis ɗinta. Daga ina zan fara?

Ka ɗauka ba a taɓa yi mata komai ba. A canza baƙin mai, da man giya, da man birki, da ruwan lagireto, da dukkan filtoci, a duba fulogi da fanbel, a sa na'ura ta karanta kowace kwamfuta da ke cikinta. Lambar jikin mota mai harafi da lamba 17 tana ba da damar neman tarihinta idan daga Amurka ta fito, a ga ko ta taɓa haɗari ko ambaliya ta taɓa cinye ta, kuma ɗaga kafet a duba tsatsa da busasshen laka yana ƙara tabbatarwa. Mai tsohuwar Lexus LX 470 ko GX 470 ya sani bel ne yake riƙe da tayimin ɗin injinsa, wa'adinsa mil 90,000, kuma idan babu shaidar an canza shi, a canza.

Tunda allon mota yana tunatarwa, me ya sa sai an ajiye rubutaccen tarihi?

Domin allon ana goge shi cikin minti ɗaya ko an yi aikin ko ba a yi ba, kuma a gidan da direbobi suke canzawa babu mai riƙe lissafi a ka. A sayi ƙaramin littafi a ajiye shi a akwatin gaban mota. Duk ranar da aka taɓa motar a rubuta kwanan wata, da abin da agogo yake nunawa tare da bayyana ko mil ne ko kilomita, da sunan man da aka zuba da lambarsa da yawan litarsa, da kayan da aka canza, a manna rasit a bayan shafin. A ƙasan shafin kuma a rubuta wata da lambar agogon da za a koma, maigida ya sa hannu, direba ma ya sa.